Shekarar da Haru Ya Ɗauki Hular Gardi

'Ya'yana, kun daɗe kuna ganin ina tashi daga kan tabarma duk sa'ad da wani ya kunna fim ɗin baffanku Haru a salula. Uwarku takan ce muku bayana ne ke ciwo. Allah ya saka mata da alheri, rufa mini asiri take yi. Bayana lafiyarsa lau. Kishi ne ke tashe ni, kishin ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya. Ban ce hassada ba, don ban taɓa roƙon Allah ya raba shi da abin da ya ba shi ba. Amma kishi kam kishi ne, kuma tun da gemuna ya yi fari bai sake ni ba, gara ku ji inda ya samo asali daga gare ni, kafin ku ji shi a bakin masu zaman rumfunan kasuwar Bande, waɗanda kullum daga tsakiya suke fara labarin.

A zamanin da na auri uwarku Mariyama, kowane gari a ƙasar Magarya yana da ƙungiyar samari masu teyatur, wato wasan kwaikwayo. Ta Bande ni ne shugabanta, kuma ni ke haɗa wasannin. Ba na rubutawa, ko da yake na ɗan zauna lakwal, makarantar boko. A kaina wasa ke kwana ya tashi. Ina cikin noma magana za ta zo mini, in tsaya in faɗe ta ga jaki, in ji ko ta zauna. Bayan la'asar mu taru ƙarƙashin dogon yaro a filin lakwal, in raba wa kowa abin da zai ce. Idan muka yi wasa ranar kasuwa, mata kan bar tukunya a kan murhu. Haru kuwa ni na jawo shi ciki. Yana da murya, amma idan ya tsaya gaban mutane sai ya riƙa kallon yatsun ƙafarsa. Ni na ɗaga masa haɓa da hannuna, na koya masa yadda ake yin shiru har mutane su matso da kunne kafin a saki magana.

Kun san kakarku, Inna, daga rugar da ke gabas da Guci aka auro ta. Yayanta, Kawu Buba, yana noma ɗan gero yana kiwon shanu, kamar yadda iyayensu suka yi. Akwai burtali da shanunsu ke bi zuwa tafki tun kafin a haife shi. A daminar shekarar da nake ba ku labari wani attajiri, ba zan faɗi sunansa ba don jikokinsa abokanku ne, ya sa aka nome burtalin aka shuka gyaɗa. Shanu ba su san an sayar da hanya ba. Suka bi inda suka saba. Attajiri ya kai ƙara, aka turo gardi biyu, dogaran gwamnati masu kaki, su kamo Kawu da igiya su koro shanun. Ɗaya daga cikinsu sunansa Tanko. Waɗanda suka ga abin sun ce da aka ce ya ɗaure tsohon a gaban 'ya'yansa, sai ya tsaya da igiyar a hannu yana kallon gonar, inda har lokacin ana ganin tsohon sawun burtali tsakanin kunyoyi. Ya daɗe a tsaye. Daga nan ya ajiye igiyar a ƙasa, ya cire hularsa ya ɗora a kanta, ya ce:

"Ni dai ba da hannuna ba."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Kada ku ɗauka wannan ya ceci Kawu. Ɗaya gardin ya ɗauki igiyar ya ɗaure shi. Ya yi kwanaki a tsare, ya dawo ya tarar da garkensa ya ragu. Tanko kuma aka karɓe masa kaki, ya koma ƙauyensu yana sayar da itace.

Wannan magana ta hana ni sukuni. Kafin a yanke gero na mai da ita wasa. Na sauya sunaye, na ce a wani gari ne a zamanin da. Na sa abin dariya a farkonsa, attajiri mai tumbi yana auna gona da rawaninsa, don mutane su saki jiki. Amma duk wasan domin ƙarshensa na gina shi, wurin da gardi ke ajiye hula. Kuma ni zan yi gardin. Ban taɓa son wani abu a duniya kamar yadda na so in yi wannan tsayuwar gaban jama'a ba. A shekarar kuma aka ce za a yi gasar wasannin matasa a Damagaram, kuma mu aka zaɓa daga yankinmu. Ban taɓa zuwa Damagaram ba a lokacin.

Kafin tafiya aka aiko wani babban ma'aikaci ya duba abin da za mu kai. Aka sa masa kujera a inuwa. Ya yi dariya a wurin tumbi da rawani har yana share ido. Da na ajiye hula kuwa, filin ya yi tsit, har ana jin kukan kurciya. Na san wasan ya zauna. Ya yafito ni da yatsa.

"Kai ne Lawali? Wasanka ya yi kyau, sai dai ƙarshensa ya karkace. Gardi ba ya ajiye hula. In kowane gardi zai tsaya ya auna umarni kafin ya bi, wa zai riƙe ƙasar? Za ka gyara. Gardi ya ɗaure makiyayi, makiyayi ya amsa laifinsa ya roƙi gafara, a yi wa jama'a nasiha a kan ɓarnar gona."

"Ranka ya daɗe," na ce, "in an yi haka ai wasan ya mutu."

"Ba shawara na zo nema ba. Gaya maka na yi."

Washegari da safe, muna shan kunu a tsakar gida, na faɗa wa Baba. Kakanku Malam Isa mutum ne da ya ga abin da hukuma ke yi wa gidan da ta sa wa ido, kuma bai manta ba. Ya ajiye ludayi.

"Sai ka gyara. Wasa ne fa. Wa ya taɓa cika rumbu da wasa? Shi kansa Tankon da kake yabo, me ya samu? An fasa ɗaure Buba? Gardi aikin da aka sa shi yake yi. In akwai zunubi, yana kan wanda ya sa shi."

Inna tana gefe tana tankaɗe. Ba ta saba sa baki idan Baba na magana ba. Ba ta ɗago kai ba ta ce:

"Malam, da Buba ya dawo na ga wuyan hannunsa. Wanda ya ba da umarnin yana biro, a ofishinsa a zaune. Ba shi ya ja igiyar har ta ci fata ba."

Baba kuwa ni ya kalla. Na ce masa zan yi masa kowace irin biyayya, in ya ce in bar teyatur har abada zan bari, amma ba zan tsaya gaban mutanen Damagaram in sa Kawu ya durƙusa ya roƙi gafarar hanyar da aka ƙwace masa ba. Baba ya ture ƙwaryar kunun gefe. Sai ya juya ga Haru, wanda a wasan ɗan kallo kawai yake yi a bayan attajiri.

"To kai za ka je. Ka san maganganun gardin?"

"Na sani, Baba."

"Gida ɗaya ba zai fitar da masu taurin kai biyu ba. In ɗaya ya ƙi, ɗaya ya je, kada a ce gidan Isa gidan 'yan tawaye ne. Ka ji ni?"

"To, Baba."

Zan yi wa baffanku adalci: bai nemi abin ba. Amma zan kuma faɗi abin da idona ya gani. A yammacin ranar na zaga bayan rumbu zan ɗauko igiyar jaki, sai na gan shi shi kaɗai da hular gardin a kansa, yana gwada tafiyata, yana gwada yadda nake ɗaga kafaɗa. Hular ta yi masa kyau. Ta fi yi masa kyau da ni. A nan abin ya fara, a bayan rumbun nan, kafin ma a tafa masa ko sau ɗaya.

Ranar tafiya kamiyo, babbar motar kaya, ya tsaya a bakin kasuwa. Ni ina wucewa da amalanke cike da harawa. Samarin da na koya wa komai suna hawa suna waƙa, wasu suka kau da kai don kada mu haɗa ido. Suka je, suka ci gasar, suka dawo da kofi ana yi musu guɗa tun daga bakin gari. An sa wasan a rediyo. Aka ji shi a Bande, aka ji shi a Kwaya, aka ji shi a rugar Kawu. Sun ji makiyayi yana roƙon gafara da gurɓatacciyar Hausa, sun ji jama'a na ta dariya, kuma ba wanda bai gane ko wane ne ake nufi ba. Inna ba ta yi wa Haru faɗa ba. Ta dai daina kiran sunansa na wasa da take kiransa tun yana goye, kuma har ta koma ga Allah ba ta sake kiransa da shi ba. Shi kuma bai sake taka rugar ba.

A kasuwa kuwa labarin da ya zauna daban ne. Aka ce babban ma'aikaci ya ga Haru ya fi ni iyawa, ya ba shi wurina, ni kuma na yi fushi na fita. Wannan shi ne abin da nake so ku cire daga kanku. Ba kishi ne ya fitar da ni ba. Bayan na fita ne kishin ya same ni. Aka naɗa wa ƙungiya wani shugaba. Ba wanda ya hana ni haɗa wasa da baki, amma ba saurayin da ke so a gan shi ƙarƙashin itace ɗaya da ni. Wasanni suka ci gaba da zuwa mini a gona, ina faɗa wa jaki, har suka gaji suka daina zuwa.

Haru ya koma Damagaram. Daga rediyo ya shiga kaset, daga kaset ya shiga fim. Ya je Makka, ya gina gida, ya sayi mota. Ni ina nan tsakanin gero da gyaɗa. Ku da kuka tashi kuka tarar da shi sananne ba za ku gane yadda abin yake ba. Ina tafe a kan amalanke, wani amalanken ya gifta da rediyo rataye, sai in ji muryar ƙanena ta wuce ni. In ji ya yi shirun nan kafin ya saki magana, shirun da na koya masa, in ji mai amalanken ya kwashe da dariya yana cewa Haru ba dama. Sunana ma ya ɓace. A wurin suna, a wurin jana'iza, a likita, sai a ce, ku ba yayan Haru wuri. Yakan aiko mini da shadda kowace salla. In sa ta sau ɗaya don kada a ce, duk wanda na gamu da shi ya shafa hannun rigar ya ce lalle Haru na ji da kai. In dawo gida in tuɓe ta kamar tana da ƙaya. Wata rana na yi ta ƙorafi har uwarku ta gaji ta ce:

"Malam, kai ka zaɓa fa. In ka yi daidai, ka bar abin ya yi maka daɗi mana."

Ta yi gaskiya, kuma na gwada. Ban taɓa yin nadamar abin da na gaya wa Baba a kan kunun nan ba, ko yau aka maimaita haka zan ce. Sai dai ba wanda ya gaya mini cewa mutum na iya yin daidai kuma ya riƙa jin zafin rabon wanda bai yi ba. Na zaci gaskiya za ta ƙosar da ni. Ta dai hana ni jin kunya, amma ba ta hana ni leƙen kwanon Haru ba.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan abin da ya zo daga baya. Zamani ya juya, aka shiga lokacin da kowa ke faɗin abin da ya ga dama a rediyo ba a kama shi. Ran nan na shiga rumfar masu cajin salula ranar kasuwa, na tarar da mutane sun yi cincirindo a kan tele, akwatin talabijin. Na leƙa. Attajiri mai tumbi yana auna gona da rawani. Wasana ne, da ƙarshensa na gaskiya, wanda aka hana ni. Ga Haru da furfura cikin kakin gardi, ya jefar da igiya, ya cire hula, ya juya ya yi doguwar huɗuba a kan zalunci, ana kaɗa masa kiɗa mai sa kuka. Wani dattijo kusa da ni ya girgiza kai ya ce:

"Kai, Haru namiji ne. Shi dai tun da can ba ya tsoron hukuma."

Na fita ban sayi abin da ya kawo ni kasuwa ba. Na yarda ya ci gasar, na yarda ya ci suna da mota da Makka. Abu ɗaya ya rage mini a duniya, cewa ni ne na ƙi. Shi ma ya zo ya ɗauka, a lokacin da ƙin ba ya jawo wa kowa komai. Tanko kuwa ya riga ya rasu a ƙauyensu, ba wanda ya ambaci sunansa a fim ɗin, balle nawa.

Bara, bayan an gama kai amfanin gona gida, sai ga motarsa a ƙofar gida da hantsi. Kuna gona kuna ɗaurin kara, ba ku ga zuwansa ba. Muka gaisa, uwarku ta kawo ruwa ta ba mu wuri. Ya daɗe yana juya kofin a hannu.

"Yaya, ka ga fim ɗin?"

"Na gani. Tanko bai yi huɗuba ba. Magana ɗaya ya yi."

"Masu kallo suna son a yi musu bayani."

"Ka tambaye ni kafin ka ɗauka?"

"Da na tambaya, za ka ba ni?"

"A'a."

Ya yi ɗan murmushi, irin wanda ba na fim ba. Ya ce ya yi fim ɗin ne yana zaton zai sauke masa wani abu daga ƙirji, bai sauke ba. Na ga yadda ya tsufa, sai na ji ya kamata in ba shi mafita. Na ce ai Baba ne ya sa shi, kowa ya sani.

"Baba ya ce in je, gaskiya ne. Babban ma'aikaci ya ce in ɗaure makiyayi, shi ma gaskiya ne. Amma Yaya, kai rediyo ka ji, ba ka gani ba. Dariyar nan mai ƙarfi da aka yi a ƙarshe, ka san dalilinta? Bayan na ɗaure shi, sai na ƙara masa da shuri a gindi. Ba ya cikin wasan. Ba Baba ya ce ba, ba ma'aikaci ya ce ba. Na ji jama'a sun fara dariya ne, na so su ƙara."

Ya ce Kawu ya tafi, Inna ta tafi, cikin 'yan ɗakinsu saura Yafendo, ƙanwar Inna, kuma an ce ta tsufa ƙwarai. Yana so ya je ya durƙusa mata, amma ba zai iya shiga rugar shi kaɗai ba.

"Kai suna ganin girmanka. Ka kai ni."

Ba zan ɓoye muku ba, maganar nan ta yi mini daɗi fiye da duk shaddar da ya taɓa aiko mini. Mota ba ta shiga yashin hanyar, sai muka hau motona, wato ɗan babur ɗina, ni a gaba, Haru na fim a baya yana riƙe da rigata. Tun daga Bande har muka wuce Guci ina ta saƙa yadda za a yi. Za a tarbe ni, a yi masa kallon baƙo, ni in ce ku yi haƙuri, albarkacina.

Ko kashe moto ban gama yi ba wani saurayi mai sanda a kafaɗa ya ƙwala ihu, Haru ne, wallahi Haru ne! Kafin ka ce me, rugar ta fashe. Jikokin Kawu Buba, waɗanda kakansu aka yi wa dariya a rediyo, suka kewaye shi da salula a sama, kowa na so a ɗauke shi hoto da gardin da ya ƙi ɗaure makiyayi. Wata yarinya ta miƙo mini salularta ta ce, Baba, don Allah ɗauke mu. Na ɗauke su.

Yafendo tana zaune a ƙofar bukkarta, idonta ya yi rauni amma kunnenta garau. Haru ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, ya faɗi abin da ya zo faɗa, har da shurin. Yawancin samarin ranar suka fara jin labarin. Tsohuwa ta saurare shi har ya gama. Ta lalubo kansa ta dafa.

"Buba ya ji wasan nan a rediyo, bai ci abinci ba ranar. Ba ni aka yi wa ba, balle in ce na yafe a madadinsa. Amma ka zo, kuma ɗan yayata Dije ne kai. Zauna."

Ta sa aka kawo ƙwaryar nono da fura, sabuwar ƙwarya mai zane, aka ajiye a gabanta. Ta dama da hannunta. Ni ina zaune a damanta, inda nake zama duk shekarun nan idan na zo gaishe ta. Ta ɗaga ƙwaryar, na har gyara zama. Sai ta miƙa ta gabana, ta wuce ni, ta ba Haru.

Wataƙila ta ji numfashina ya sauya, don ta juyo da fuskarta wajena.

"Lawali, mene ne? Shi baƙo ne. Kai ai na gida ne, sai ka jira."

Na jira. Ya sha, ya sha, kamar wanda ya shekara bai ga nono ba, ni kuma ina kallon maƙogwaronsa yana hawa yana sauka, ina lissafin abin da zai rage mini.